Zara a Idon Mai Gyaran Batir

Shekara talatin da ɗaya ina Jekadafari,
rumfata na kallon kwata, bayanta ga masu faci.
Dalma nake narkarwa a tsohon gwangwanin madara,
in zuba wa kan batir, in jira ta daskare.
Ruwan batir ya ci min wando ya fi a ƙirga.

Da asuba in na fito alwala
ina ganin ta can saman Dutsen Liji,
fara tas, ko ƙyaftawa ba ta yi.
Kakata ta ce sunanta Zara, matar wata,
'yar hutu, ba ta san hayaƙin murhu ba.
Na yarda. Wa ke musu da tsohuwa?

Sai Hansatu ta dawo hutu daga jami'a
da jaka cike da duwatsu, kowanne da lamba.
Uwarta ta leƙa ta ce, "Kuɗinmu ke nan, tsakuwa."
Ta zauna kan mataccen batirin tirela,
ta ce, "Baba, farin nan da kake gani
ba fuskarta ba ce, lulluɓi ne.
Gajimare ne, na irin ruwan da ke cin wandonka."

Na ajiye filaya.

Ta ce a can, in ka yar da dalma a fili,
ba gawayi, ba zugazugi,
da kanta za ta kwanta ta zama ruwa.
Nauyin iskarta ya ninka namu sau casa'in.
Kullum hadari a haɗe, kullum yana zuba,
amma ko ɗigo bai taɓa isa ƙasa ba,
zafi ke lashe shi a hanya ya mai da shi sama.
Na ce, "Na san irin hadarin nan,
mutum uku a layinmu na da alkawari irin nasa."

Ta zaro baƙin dutse mai ƙananan ramuka,
wai a hanyar Biu ta tsinto shi.
"Danginsa ne shimfiɗe a can, iyakar gani,
aman wuta da ya malala ya sandare,
tsaunuka birjik, ba ciyawa, ba ko tururuwa.
Wasu masana na zaton ta taɓa yin teku."
Na juya dutsen a tafina. Sanyi ƙalau.

Rashawa, in ji ta, sun yi ta aika ƙarfe.
Na farko-farko tun a sama ta matse su
kamar gwangwani ƙarƙashin taya.
Wanda ya fi taurin rai ya yi awa biyu da 'yan mintuna,
ya turo hoton falalen duwatsu cikin haske ruwan goro,
daga nan shiru.
Wani ya sauka lafiya, murfin idonsa ya faɗo gabansa,
ya miƙa hannu zai taɓa ƙasar Zara,
sai ya taɓa murfin nasa.

Buba yarona ya yi dariya har shayi ya ƙware shi.
Ni ban yi ba.
Ka yi tafiyar wata huɗu ba zango,
ka je ka dafa abin da ka taho da shi daga gida!
Na taɓa yin haka a Legas, amma wannan zance ne daban.

Abin da ya hana ni barci na ƙarshen ne:
wai a baibai take juyawa,
rana a can daga yamma take fitowa.
Na ce a'uzubillahi.
Hansatu ta ce, "Baba, lissafi ne kawai."
Na ce, "Ke dai bari."

Yau ma na fito da buta, tana nan inda take,
fara tas, kamar ba ita ba.
Ban ji haushin kakata ba, daga nesa ta gan ta.
Ni ma in na sa farar riga ran Juma'a
wa zai ce da wuta da guba nake wuni?
Na ɗaga mata hannun nan mai tabo,
gaisuwar abokin sana'a,
na wuce rumfa in hura gawayi
kafin mai tifa ya zo karɓar batirinsa.